Tafkin Yawunde: Tarihin Ruwan Da Ƙoshi Ya Yi Wa Illa

Duk wanda ya taɓa fita daga Briketeri ya nufi wajen ma'aikatun gwamnati ya san tafkin nan da ke kwance a kwari, kusa da otal ɗin 'yan majalisa, wanda mutanen gari ke kira Lak. Da yawa daga cikin yaranmu suna zaton tun fil azal yake nan, kamar duwatsun da suka kewaye garin. Alhali kuwa aikin hannun mutum ne, kuma har yau a cikin unguwarmu akwai dattawan da suka girme shi. Tarihinsa gajere ne, amma wanda ya bi shi daki-daki zai ga tarihin Yawunde ɗungurungum a ciki, domin babu abin da garin ya zubar a kan tuddan da ke bayansa wanda bai gangaro ya kwanta a ƙasan ruwan nan ba.

Kafin a zo ga tafkin sai an san yanayin ƙasar. Yawunde gari ne na tudu da kwari, kowane kwari da rafinsa, kuma yawancin rafukan tsakiyar gari suna zuba ne a cikin Mfundi, shi kuma ya kai ruwan ga Mefu, Mefu ya miƙa wa Nyong, Nyong ya sauke a teku. Ƙasar Ewondo ce. A wajen shekarar 1889 Jamusawa biyu, Kund da Tappenbeck, suka kafa sansani a nan, kuma saboda shingen da aka kewaye shi da shi ne Ewondo suka riƙa kiran wurin Ongola. Ba a jima ba kakanninmu fatake suka iso, suna biyo hanyar Adamawa ta Tibati da Yoko, suna neman hauren giwa da goro da roba. Sunan unguwarmu ma daga zamanin Jamus ya samo asali, daga wurin da suke gasa tubalin gine-ginensu. A farkon 1916 Jamusawa suka fita, garin ya koma hannun Faransawa, a 1921 kuma suka mai da shi fadar mulkin Kamaru.

Faransawa sun tsara garin bisa al'adar mulkin mallaka: Turawa da ofisoshinsu a kan tuddan tsakiya, baƙaƙen fata kuwa a tura su gefe. Haka aka yi ta ɗage unguwar Hausawa daga wuri zuwa wuri har ta zauna inda take yanzu a shekarun 1930, haka kuma aka ware yankin Mesa da Mokolo domin baƙin da suka zo daga sauran sassan ƙasa. Ana cewa ma sunan Mokolo ba'a ce ta mutanen da aka kai can, wai nisan wurin ya sa suka kamanta shi da Mokolo ta can arewa. Yau kuwa kasuwar Mokolo a cikin cikin gari take. A riƙe wannan magana ta tura mutane gefe, domin wani sashe na gefen da aka tura su shi ne kan ruwan da daga baya aka tare aka yi tafki.

A shekarar 1951 aka ɗaga madatsar ƙasa a kwarin wani ɗan rafi mai suna Mingowa, ruwa ya taru a bayanta, fadama ta zama tafki. Ba don sha aka yi shi ba, ba kuma don ban ruwa ba. Ado ne na babban birni, da wurin shan iska, inda Turawa da manyan ma'aikata suke wasan kwale-kwale da maraice. Ƙaramin ruwa ne ƙwarai: tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, inda ya fi zurfi kuma bai wuce mita huɗu da 'yan kai ba. A lokacin mutanen Yawunde duka ba su kai dubu 60 ba, tuddan da ke bayan tafkin yawancinsu gonaki ne da kurmi da gidaje jefi-jefi. Rafin Mingowa yana shigowa da ruwan da babu laifi, tafkin kuma yana iya narkar da ɗan dattin da ya zo masa.

Sai dai ruwa tsayayye da ruwa mai gudu halinsu ba ɗaya ba ne, kuma Bahaushe bai buƙaci a koya masa wannan a makaranta ba. Wanda ya san garuruwanmu na asali ya san kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini aka bari, damina ta cika shi, kwatocin unguwa suka riƙa zuba a ciki, har kainuwa ta rufe fuskarsa. Rafi yana ɗaukar abin da aka ba shi ya wuce da shi gaba. Da zarar an tare shi sai gudunsa ya mutu, duk abin da yake ɗauke da shi ya sauka ƙasa ya kwanta. Wato ranar da aka gama madatsar Mingowa, ranar aka kafa wa garin tarkon datti, ko da yake a lokacin babu dattin da zai kama.

Dattin bai daɗe ba ya zo. Bayan samun mulkin kai a ranar 1 ga Janairun 1960, a zamanin da Andre Fuda yake magajin gari, Yawunde ta shiga kumbura irin wadda ba a yi tsammani ba. Ƙidayar 1976 ta sami mutum dubu 313 da ɗoriya. Ta 1987 ta sami dubu 649. Ta 2005 ta haura miliyan ɗaya da dubu 800. Mutanen nan sai sun kwana a wani wuri, sai sun yi wanka da wanki, sai sun zaga. Tuddan Melen da Elig-Efa da Mesa, waɗanda duk ruwansu ke gangarawa Mingowa, suka cika da gidaje maƙil, tun daga kan tudu har cikin fadamar da a da ba mai kusantarta. Ba a shimfiɗa musu bututun kwashe ƙazanta ba. Kowane gida ya haƙa masai, sau da yawa kusa da rijiya, a gangare kuwa inda ruwan ƙasa yake kusa ramin ba ya nisa. Har aka sami wata dabara da ta yaɗu a unguwannin kwari: a sa wa masai bututu a toshe, in an yi ruwan sama mai ƙarfi a buɗe, abin da ke ciki ya bi kwata. Mai gida ya huta da kuɗin motar yashe masai, rafi ya ɗauki kayan.

Abin takaici shi ne, har inda aka yi tsari, tsarin bai ɗore ba. Kamfanin gidaje na gwamnati, SIC, wanda aka kafa a 1952, ya gina rukunin gidajen ma'aikata a Mesa, aka kuma yi musu tashar tace ruwan ƙazanta a ƙarshen shekarun 1960. Irin tashar nan ce mai aiki da injin da ke hura iska cikin ruwa dare da rana, tana son lantarki ba yankewa, da kayan gyara daga waje, da ma'aikacin da ya san aikinta. Da injinan suka tsaya, bututun bai daina kawo ruwa ba. Ƙazantar gidaje masu yawa, wadda aka tattara wuri ɗaya domin a tace ta, ta riƙa wucewa ɗanya zuwa Mingowa, 'yar tazara kaɗan kafin bakin tafki. A ganina wannan ya fi masai na gargajiya muni, domin masai aƙalla ƙasa tana shan wani abu, bututu kuwa ba ya rage komai a hanya.

Sa'an nan matsin tattalin arziki ya faɗo tun daga tsakiyar shekarun 1980. Waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tune da yadda aka zaftare albashi a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, aikin kwashe shara ya tsaya na shekaru har juji ya riƙa cin titi. Gwamnatin da ta kasa biyan ma'aikata ba za ta tuna da injin tace ƙazanta ba. Sharar da ba a kwashe ba ruwan sama ya kwashe ta, ya kai inda ya saba kai komai.

To, mene ne ainihin abin da ya sami ruwan? Mutane da yawa in an ce ruwa ya gurɓace sai hankalinsu ya tafi ga guba. Ciwon tafkin Yawunde mafi girma ƙoshi ne. Duk wanda ya taɓa sayen takin zamani a ƙasar nan ya san buhun da aka rubuta wa 20-10-10, ya kuma ga haruffan N da P da K a jikinsa. Biyun farko su ne naitirojin da fosfaras, abincin da tsiro ke nema ruwa a jallo. Su ne kuma suke cikin fitsari da bayan gida, da ruwan wanke-wanke, da ragowar abinci, da wasu nau'o'in garin sabulu. Abin da manomi ke biyan kuɗi ya zuba wa masararsa, shi ne Yawunde ta yi shekaru tana zuba wa tafkinta kyauta, ba rani ba damina. Gonar da aka yi wa haka kuwa dole ta yi yabanya, sai dai yabanyar ruwa ita ce gansakuka.

Gansakukar nan ƙananan tsirrai ne da ido ba ya ganin ɗaya ɗaya, sai sun taru miliyoyi ruwa ya koma kore kamar an dama kuka a ciki. Da rana suna fitar da iskar oksijin, har ta yi yawa a saman ruwa. Da dare kuwa su da sauran halittun ruwa duk shaƙa suke yi, babu mai fitarwa, saboda haka kafin asuba iskar ta yi ƙasa ƙwarai. Shi ya sa a irin waɗannan tafkuna aka fi ganin kifi yana taso da baki sama da sassafe, kuma a lokacin ne yake mutuwa. Karfasa tana wahala. Tarwaɗa ce mai dama-dama, domin Allah ya hore mata wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari, shi ya sa take rayuwa a taɓon da sauran kifaye ba sa iyawa. Kwanan gansakuka kaɗan ne. In ta mutu sai ta nutse, ƙwayoyin bakteriya su hau ruɓar da ita, su cinye ɗan oksijin da ya rage a ƙasa. Daga nan sai warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ya fi tashi in iska ko ruwan sama sun motsa tafki.

An daɗe ana gardama a duniya kan wanne ne daga cikin sinadaran nan ya fi laifi, musamman da yake masu yin garin sabulu ba su so a ɗora wa fosfaras. Wani masani mai suna David Schindler ya raba gardamar a 1973, a wani ƙaramin tafki na gwaji a lardin Ontariyo na Kanada. Tafkin yana da ƙugu siriri a tsakiya, sai ya sa labulen roba ya raba shi biyu. Ɓangarorin biyu duka ya zuba musu naitirojin da kabon, ɗaya kawai ya ƙara wa fosfaras. Ba a yi wata nawa ba wanda aka ƙara wa fosfaras ya zama kore shar, ɗayan kuwa yana nan garau. Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya zaga duniya, ya kuma taimaka wajen sa ƙasashe da dama su taƙaita fosfaras a cikin sabulun wanki.

Namu tafkin ma an auna shi. Masana ilimin halittun ruwa na Jami'ar Yawunde ta Ɗaya sun bi shi da awo a shekarun 1996 da 1997, suka wallafa sakamakon daga baya. Ɗaya daga cikin ma'aunan da ake amfani da su abu ne mai sauƙi wanda ko yaro zai iya: farin faifai ne ake ɗaure wa igiya a sauke cikin ruwa har ido ya daina ganinsa, sai a auna igiyar. Wani malamin taurari ɗan Italiya mai suna Secchi ya fara aiki da shi a 1865. A tafkin Yawunde da wuya faifan ya kai mita ɗaya bai ɓace ba. Ƙasa da mita biyu da rabi kuwa iskar oksijin ta yi ƙaranci matuƙa. Hukuncin da suka yanke shi ne tafkin ya kai matakin ƙarshe a ma'aunin ƙoshin ruwa, kuma Mingowa ce babbar ƙofar da abincin ke shigowa.

A nan bari in ɗan ratse. Mu da muka zauna a zaure muka karanta Ishmawi da Risala, babin ruwa aka fara buɗe mana, aka koya mana a duba abu uku: launi da ɗanɗano da ƙanshi. An kuma koya mana cewa ruwan da ya sauya saboda abin da ya tsiro daga jikinsa, kamar gansakuka, bai fita daga tsarkinsa ba. Ina jin malaman da suka rubuta haka tafkin daji suke nufi, wanda ba kwatar kowa da ke zuba a ciki. Gansakukar da najasar gari ta yi kiwo har ta yi ƙiba, hukuncinta sai malamai, ba aikin magatakarda ba ne. Amma hanin da ya zo a hadisi game da yin bawali a ruwan da ba ya gudu, wanda ya ga tafkin nan a shekarun 1990 ya ga tafsirinsa da idonsa.

A tsawon shekarun nan hukumar birni ba ta zauna haka kawai ba. Lokaci zuwa lokaci akan sa ma'aikata su shiga da kwale-kwale da adduna su sare bado da ciyayin da suka ci gefen ruwa, a tsamo robobi da leda, wurin ya yi kyan gani na ɗan lokaci. Kafin a jima ciyawa ta dawo, kuma dole ta dawo. Muna cewa kainuwa dashen Allah, gaskiya ne, amma takin da take ci a nan mutum ne ya zuba. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan wuyar magani, wato lakar da ke ƙasa. Fosfaras ba ya tashi sama ya bi iska. In ya shiga tafki sai ya manne da ƙarfen da ke cikin laka ya kwanta, kuma jar ƙasar Yawunde mai ƙarfe ce. Muddin akwai oksijin a ƙasan ruwa yana nan a ɗaure. Ran da oksijin ya ƙare sai ɗaurin ya kwance, fosfaras ya koma cikin ruwa ya ciyar da sabuwar gansakuka, ita kuma ta mutu ta ƙara cinye oksijin. Ta haka tafki yake zama mai ciyar da kansa daga rumbun da aka cika masa shekaru hamsin. Ko da yau aka toshe kowace kwata, bashin da ke kwance a laka sai an biya shi.

Ba wai ruwan da ya kai wannan hali ba ya warkewa ba ne. Misalin da masana suka fi kawowa shi ne Tafkin Washintan da ke gefen birnin Siyatil a Amurka. A shekarun 1950 ya fara komawa kore, alhali ruwan da ake zuba masa daga tashoshin tacewa yake fitowa. Wannan wuri ne da ya kamata a lura da shi: tacewa irin ta yau da kullum tana rage wari da ƙwayoyin cuta, amma yawancin fosfaras yana wucewa abinsa, sai in an yi masa tanadi na musamman. Mutanen yankin suka kaɗa ƙuri'a a 1958 suka yarda su biya, daga 1963 zuwa 1968 aka karkatar da bututun duka daga tafkin. Cikin 'yan shekaru farin faifan da a da ke ɓacewa kafin mita ɗaya ya koma ana hango shi a zurfin mita da dama. Ba su sare ciyawa ba, ba su zuba magani ba, abinci kawai suka yanke. Sai dai a faɗi gaskiya, nasu tafkin babba ne mai zurfin fiye da mita 60, a ƙasar sanyi. Namu kwano ne marar zurfi, a ƙasar da rana ba ta hutu, damina biyu a shekara, gansakuka ba ta da lokacin barci. Irin wannan ya fi jinkirin warkewa.

A 'yan shekarun nan an ga motsi. An sake fasalin tashar Mesa, aka mai da ita mai tace ruwa ta hanyar yashi da tsakuwa da ciyayi, wadda ba ta dogara da inji kamar ta farko ba, kuma ina ganin wannan ya fi dacewa da aljihunmu. An kuma yi babban aikin gyaran tafkin da rancen kuɗi daga waje, wani kamfanin ƙasar Sifen ya riƙe shi, aka yashe laka, aka gyara gaɓa, aka yi hanyar masu tafiya da ƙafa. Yashe lakar aiki ne na gaske, domin shi ne kwashe rumbun da na ambata. Fitilu da kujeru kuwa ido suke yi wa aiki. Abin da zai nuna ko kuɗin sun yi amfani yana can sama, a lungunan Melen da Elig-Efa, inda har yanzu gidaje da yawa ba su da inda za su kai ruwan wankinsu da na masai sai kwata.

Kada ɗan Briketeri ya karanta wannan ya ce ai ba ruwanmu, tunda kwatocinmu ba ta tafkin suke bi ba. Gaskiya ne ruwanmu ta rafukan da ke ƙasan unguwa yake gangarawa, ya bi ta wajen Warda. Amma a tsakiyar gari duk Mfundi suke haɗuwa da na Mingowa. Bambancin kawai shi ne an tare Mingowa, dattinta ya tsaya inda manya ke wucewa kullum suna gani suna toshe hanci, namu kuwa ba a tare shi ba, sai ya wuce ga masu lambun ganye da ke ban ruwa da rafi a kwarurukan kudancin gari, waɗanda kayansu ke dawowa kasuwa mu saya. Jinin yanka, da ruwan wankin kayan ciki, da tokar tukubar masu tsire, da ruwan wankin gidan biki, duk irin takin nan ne.

Wanda yake son ya san halin da tafkin ke ciki bayan gyara, kada ya je da rani tsakiyar rana lokacin da ruwa ya kwanta yana ƙyalli. Ya bari sai ruwan farko na watan Maris ya sauka, ya wanke kwatocin da suka yi wata uku suna tara kaya, sa'an nan ya je da sassafe ya tsaya ta gefen da Mingowa ke shigowa, ya dubi launin ruwan, ya kuma duba ko kifi yana taso da baki sama.